Hawan Jini da Aikin Ƙananan Asibitoci wajen Gano Shi da Kula da Masu Shi

Hawan jini shi ne yanayin da ƙarfin da jini yake danna bangon jijiyoyi da shi ya wuce kima, kuma ya zauna a haka. Ana bayyana awonsa da lambobi biyu: ta sama tana nuna matsin da ke cikin jijiya lokacin da zuciya ta matse ta tura jini, ta ƙasa kuwa tana nuna abin da ya rage sa'ad da zuciya ta saki tana cika kafin bugu na gaba. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ana tabbatar da cutar idan awo ya kai 140 a sama ko 90 a ƙasa a ranaku biyu mabambanta. Rahoton da hukumar ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa masu cutar sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su san suna da ita ba, kuma mutum ɗaya ne kacal cikin biyar jininsa ya daidaita da magani.

Abin da ya sa wannan cuta ta gagari jama'a da asibitoci baki ɗaya shi ne ta saɓa wa abin da aka saba sani game da ciwo. Zazzaɓin cizon sauro yana kayar da mutum, ya sha magani na kwana uku ya miƙe, don haka aka taso a kan fahimtar cewa ciwo abu ne da ake ji a jiki, magani kuma abu ne da ake sha a warke a ajiye. Hawan jini kuwa yana iya shekaru bai sa ko ciwon kai ba, alhali yana kaurara tsokar zuciya, yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda da na ido da na ƙwaƙwalwa, har ranar da zai bayyana a matsayin shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya, ko ciwon ƙodar da sai an riƙa wankinta. Ciwon ƙeya da hajijiya, waɗanda mutane suke dogara da su su ce jininsu ya hau, ba ma'auni ba ne. Babban abin takaici shi ne majinyacin da ya fara magani, aka auna aka ce jininsa ya sauka, sai ya ɗauka ya warke ya daina, alhali maganin ne yake riƙe da jinin, kuma da barinsa matsin zai koma inda yake.

Ta fuskar rigakafi, babu abin da ya kai gishiri muhimmanci a tukunyar Bahaushe. Sinadarin sodiyam da ke cikinsa yana sa jiki ya riƙe ruwa, yawan ruwa a jijiya kuma yana ƙara matsi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada gishirin da babban mutum yake ci ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafi ya haɗa da dunƙulen ɗanɗano da ake zubawa a miya da yajin tsire da taliyar leda, har da kanwa, wadda ita ma sodiyam ce ta cika ta. Tun a shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bayyana yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta ta da shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam, amma gargaɗin game da kanwa bai tsufa ba. Sauran matakan sanannu ne: motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, rage ƙiba, da barin taba. Wanda ba a cika ambata ba shi ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda leburori da manoma suke saye a kemis kusan kullum, ba tare da sanin cewa suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda ba.

Magani kuwa an san shi, kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da jinyar shanyewar jiki. Wani nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, ya nuna cewa rage lambar sama da 10 yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 27 cikin ɗari. A 2019 kuma, gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a kan majinyata 728 a ƙasashen Afirka shida, ya tabbatar da cewa haɗin magungunan da yake ɗauke da amlodipine, maganin da ke sakin jijiya ta buɗe, ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da ba shi a ciki. Yawancin waɗannan ƙwayoyi sau ɗaya ake sha a yini, saboda haka azumin Ramadan ba hujjar ajiye su ba ne, illa dai a nemi shawarar likita kan lokacin sha, musamman ga mai shan maganin da ke ƙara fitsari a watannin zafi.

Ke nan matsalar ba ta rashin ilimi ba ce, ta tsari ce. Cutar da take buƙatar awo a kai a kai da ƙwaya a kowace rana har ƙarshen rayuwa ba za a iya kula da ita daga asibitin koyarwa ba, domin manomin da ke nesa da birni ba zai biya kuɗin mota duk wata don a ɗaura masa na'ura a dantse ba. Wurinta shi ne asibitin matakin farko da ke unguwa ko ƙauye, irin wanda sanarwar Alma-Ata ta 1978 ta yi kira a kafa, wanda kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ƙoƙarin shimfiɗawa a Nijeriya lokacin da yake ministan lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na dunƙulallen asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin irin wannan kulawa, sai dai har yanzu akasarin aikin ƙananan asibitoci ya tsaya ga allurar yara da awon ciki da zazzaɓi. Ma'aikacin lafiya na karkara zai iya ɗaukar wannan nauyi idan aka ba shi na'urar awo mai inganci, da rubutacciyar ƙa'idar da ke faɗin maganin farko da na biyu da lokacin tura majinyaci ga likita, da rajistar da za ta tona wanda bai dawo ba domin a bi sawunsa.

Kira ga gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi shi ne su tabbatar amlodipine ba ya yankewa a waɗannan asibitoci, kuma a auna duk baligin da ya shigo ko da ciwon ido ne ya kawo shi. Limamai da masu unguwanni su ba da harabar masallaci da ƙofar gida a yi awo ranar Juma'a da ranar kasuwa. Wanda kuma aka riga aka ɗora a kan magani, kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi, sai da umarnin likita.