Ankwa da Binciken Gida: Jawabi Ga Magidanta da Masu Unguwanni na Ƙofar Dawanau

Abin da wannan jawabi ya ƙunsa shi ne iyakar da doka ta yi wa ɗan sanda sa'ad da ya zo kama yaro ko bincika gidan iyayensa. Magidanta da yawa sukan ɗauka cewa da zarar an ga kaki a ƙofar gida, magana ta ƙare. Doka ba ta ce haka ba.

A ce ana zargin wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu da satar waya a hanyar kasuwar Dawanau, aka biyo shi har zauren ubansa. Ikon kama shi yana hannun 'yan sanda, babu shakka. Amma ankwa ba horo ba ce, gama horo aikin alƙali ne bayan an tabbatar da laifi. Tun 1960 dokar tsarin shari'ar laifuffuka ta Jihar Arewa ta hana a matsa wa wanda aka kama fiye da abin da zai hana shi gudu. Dokar Tarayya ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 suka ƙara fayyacewa, watau ba a sa wa mutum ankwa sai bisa dalili uku: in ana tsoron zai yi faɗa ko zai tsere, in ɗaurin kariya ne ga lafiyarsa, ko kuwa kotu ce ta umarta. Jihar Kano ma ta yi tata dokar a 2019. Saboda haka yaron da ya tsaya cikin ladabi, ga ubansa a gefensa, babu dalilin a ratsa da shi cikin unguwa hannu a ɗaure. Kunyar wannan rana takan bi yaro har girmansa, ko da daga baya an wanke shi.

In kuwa aka tarar yaron ba ya nan, ba a kama uba ko wa a madadinsa. Dokar 2020 ta hana wannan sarai.

Sa'an nan maganar shiga gida. Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin gidan kowane ɗan ƙasa. Mai neman kayan sata a gida lalle ya zo da takardar izini daga kotu, maigida kuma yana da damar ya nemi a nuna masa ita. Sai dai in wanda ake nema ya gudu ya shige gidan, to, 'yan sanda suna iya binsa ba tare da takarda ba. Ana yin binciken a gaban shaidu biyu, a rubuta duk abin da aka ɗauka, shaidun su sa hannu. Nan ne amfanin mai unguwa da dattawan layi yake. Doka ba ta manta da kulle ba: in akwai matan da bisa al'ada ba su fita bainar jama'a, sai an yi musu sanarwa, a ba su sarari su kauce, kafin a wuce zaure. Mace kuma ba mai laluben jikinta sai mace.

To, me ya kamata maigida ya yi? Kada ya tare ƙofa, kada ya bar matasa su yi jifa ko ihu, gama hana ɗan sanda aikinsa laifi ne mai zaman kansa. Ya aika a kira mai unguwa, ya tambayi sunan jami'in da ofishin da za a kai yaron, ya bi su har can. Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya inda kotu ke kusa, birnin Kano kuwa kotuna ba su yi nisa ba. Yaro ba a haɗa shi ɗaki ɗaya da manyan masu laifi. Domin irinsa aka yi gidan tsare yara na Goron Dutse. Wanda ya ga an ƙetare waɗannan iyakoki ya kai ƙara wurin babban jami'in ofishin, ko ya faɗa wa alƙali ranar da aka gabatar da yaron.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya, amin.