Dabbobin da Ake Tsinta a Mace: Wa Ya Kashe, Wa Ya Yanka?

Iyayenmu dattawa, shugabannin unguwanni, iyaye mata, 'yan'uwa mahauta da 'yan tireda na Taminus da kewaye, muna yi maku barka da zuwa, muna kuma godiya da kuka bar harkokinku kuka amsa wannan gayyata.

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta dabbobin da ake wayar gari a tsinta a mace a bayan gari, wani lokaci saniya ɗaya, wani lokaci garke guda, a ga babu ido, babu harshe, an ƙwaƙule hantsa ko al'aura, kuma babu ɗigon jini a ƙasa. Wani zai ce mu da ke cikin gari ina ruwanmu da abin da ya faru a Bassa ko Riyom ko Barikin Ladi? Ruwanmu da tsaki. Da yawa daga cikinmu muna da shanun da muka ba da kiwo a ruga, mahautanmu daga Kara ta Bukuru da 'Yan Shanu suke sayen dabba, sannan duk mun sani idan daji ya ɗauki zafi, cikin gari ne ake rufe shaguna a guje. Wanda ya ga watan Satumba na 2001, ya ga Nuwamba na 2008, ya ga Janairu na 2010, ba sai an gaya masa saurin gudun jita-jita a garin nan ba.

Idan hoton irin wannan dabba ya shigo waya, kafin azahar za ka ji bayani kala uku ko huɗu a bakin tasha. Wasu su ce matsafa ne, ai ga shi sassan da ake haɗa tsafi da su aka cire. Wasu su ce aikin iskoki ne, ko maita. Mafi yawa kuwa su ce ai ba sai an tambaya ba, mutanen ƙauye kaza ne, su kama sunan ƙabila ɗungurungum. Su kuma can ɓangaren su ce makiyayan ne suka shirya abin da kansu don su sami hujjar kai hari. Kowa na magana da yaƙini, alhali babu wanda ya je wurin, balle ya ga gawar da idonsa.

Bari mu fara da abin da likitocin dabbobi suka daɗe da sani. Dabba idan ta mutu a fili, ba ta rasa baƙi. Ungulu da hankaka, kare da dila, ba sa iya huda fatar saniya mai kauri, saboda haka wurare masu taushi suke nema: ido, harshe, leɓe, hantsa, dubura da al'aura. Wato daidai sassan da muke cewa sai matsafi ne zai cire. Bayan su ƙuda ya zo ya yi ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta cinye gefen ramin ta goge shi sumul, har ka rantse da aska aka yi. Cikin kuma yana kumbura da iska idan rana ta buga, fata ta tsage a miƙe kamar an ja wuƙa. Batun rashin jini ma yana da dalili. Da zarar zuciya ta tsaya, jini yana gangarawa ɓangaren da dabbar ta kwanta a kai ya daskare, don haka abin da aka yaga bayan mutuwa ba ya tsiyaya. Mahautan da ke cikinmu za su shaida, yankan dabba mai rai daban, yankan mushe daban.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne wannan abu ya taɓa ruɗawa. A Amurka, tun daga 1967 da aka tsinci wata goɗiya a jihar Kolorado an sale mata kai da wuya, har cikin shekarun 1970, masu kiwo sun yi ta tsintar shanunsu a irin wannan hali. Su ma bayanin ya rabu: wasu suka ce 'yan ƙungiyar asiri ne, wasu suka ce gwamnati ce ke gwaji a ɓoye da jirage masu saukar ungulu, wasu ma suka ce halittu ne daga wata duniya. Har mutane suka fara kwana da bindiga suna gadi. Daga baya aka ɗora wa wani tsohon jami'in hukumar FBI mai suna Kenneth Rommel binciken a jihar Niyu Meziko, kuma rahoton da ya fitar a 1980 ya nuna dabbobin da ya duba mutuwa suka yi ta yau da kullum, namun daji da tsuntsaye da ƙwari suka ƙarasa sauran. Har yau akwai waɗanda ba su yarda da shi ba, amma dai shi ya je ya duba.

To idan ungulu ce ta cire ido, me ya kashe dabbar tun farko? A nan Filato amsoshin suna da yawa. Akwai tsawa, wadda kan kashe shanu da dama lokaci guda idan sun taru ƙarƙashin itace ko kan tudu da damina. A 2019 tsawa ta kashe shanu 36 a kan wani dutse a garin Ijare na jihar Ondo, mutanen garin suka ce fushin abin bautarsu ne saboda an hau wuri mai tsarki. Akwai harbin daji, wanda ke kayar da ɗan maraƙi mai ƙiba cikin kwana ɗaya, sunan ma kaɗai ya nuna kakanninmu sun ɗauka wani abu ne ya harbe shi daga daji. Akwai gyauron dawa da ɓawon rogo mai ɗaci, waɗanda ke ɗauke da guba ta halitta. Akwai takin zamani na yuriya da manoman dankali da masara ke ajiyewa a gona, saniya ta lasa ta kumbura ta faɗi nan take. Ga maganin ciyawa da na ƙwari da ake wanke kayan feshinsu a rafi. Ga kuma tsoffin kududdufan haƙar kuza da suka cika ƙasar nan.

Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne ciwon saifa. Dabba tana kiwo lafiya lau sai ta faɗi, jini baƙi wanda ba ya daskarewa ya riƙa fita ta hanci da baki da dubura. Wannan ciwo yana kama mutum, kuma ƙwayarsa tana zama a ƙasa shekara da shekaru. A watan Yuli na 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja. Muna roƙon 'yan'uwa mahauta, don Allah, dabbar da aka samu a haka kada a feɗe ta, kada a saye ta don araha, kada a ja ta a ƙasa. Ribar fata ɗaya ba ta kai ran iyali ba.

Duk wannan da muka faɗa ba yana nufin babu masu kashe dabbobi da gangan ba. Akwai su, kuma ba kaɗan ba ne. Ana harbin shanu, ana sare masu agara a bar su suna ja da ciki, ana sa guba a abin da za su ci. A watan Afrilu na 2025, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai ƙauyen Zike a ƙaramar hukumar Bassa inda aka kashe mutane sama da 50, ƙungiyar Miyetti Allah ta ba da sanarwar cewa shanu sama da 30 sun mutu a yankin bayan sun ci yalon da ta ce an sa wa guba. Haka abin ke tafiya: a kashe mutane, a kashe shanu, a sassare gona, kowane ɓangare ya fara lissafi daga ranar da aka taɓa shi. Kuma mu faɗi gaskiya, manomin da aka wayi gari an sare masa masara tana goyo, shi ma dukiyarsa ce ta tafi, shi ma yana da haƙƙin a bi masa kadi.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, mai dabbar da aka zalunta shi ya fi kowa asara idan aka bar magana a hannun jita-jita. Dokar finalkod ta ɗauki kashe dabbar wani ko nakasa ta ko sa mata guba a matsayin laifin ɓarna, ana ɗauri a kai, kuma mai dukiya yana iya neman diyya a kotu. Amma alƙali ba ya aiki da "kowa ya sani". Zai tambaya: wane likita ne ya duba? Wace guba ce? Ina harsashin? Idan an riga an binne gawar, ko an bar ta kwana uku ungulu ta gama da ita, shi ke nan, ƙara ta mutu tun ba a shigar ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Mu da muka sha jin zafin a yi mana kuɗin goro, a ce "Hausawa ne suka yi" don wani mutum ɗaya da ba mu ma san shi ba, bai kamata a ji irin wannan daga bakinmu a kan wasu ba.

Abin takaici, maganin yana kusa da mu amma ba mu cika amfani da shi ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan Vom tun 1924, ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga Taminus ba. Daga jihohi masu nisa ake aiko mata da samfuri, can ne ma aka gwada na Suleja, kuma ita ke yin allurar rigakafin saifa da harbin daji. Ga asibitin dabbobi a Polo, ga jami'an lafiyar dabbobi a ƙananan hukumomi. Sau nawa muka ji an ce "an kai samfuri Vom, ga sakamako" kafin a fara zargi? Su ma hukumomi suna da nasu laifin, don sau da yawa a kan ce ana bincike, daga nan ba a sake jin komai ba, kuma shirun nan shi ke ba kowa damar riƙe nasa labarin.

Saboda haka ga abin da muke ba gidajenmu shawara. Wanda aka kira shi aka ce dabbarsa ta mutu, ya ce kada a taɓa ta, kada a matsar da ita, a rufe ta da tamfol ko ƙaya don tsuntsaye da karnuka, a janye sauran garken daga wurin da kuma ruwan da suka sha. A ɗauki hoto daga nesa da kusa, har da sawun ƙafa da duk wani buhu ko kwalba ko ragowar abinci da ke wurin. A sanar da arɗo da mai unguwa ko dagacin wurin, a kai rahoto ofishin 'yan sanda a ranar, a tabbatar an rubuta, sannan a nemi likitan dabbobi na gwamnati ya zo kafin kwana ya zagayo, don bayan haka ciki ya ruɓe, gwaji ya yi wuya. A roƙe shi takarda mai sa hannu da hatimi, a yi kwafi a ajiye. Idan yankin na da zaman ɗar-ɗar, kada a tafi sai da rakiyar jami'an tsaro, kuma a sanar da hukumar samar da zaman lafiya ta jihar, wadda aka kafa a 2016 don irin wannan.

Iyaye mata, ku ne kuka fi kusa da wayoyin yaranmu. Hoton saniya da aka turo babu sunan wuri, babu rana, babu wanda ya ɗauka, a bar shi inda ya tsaya, domin wasu hotunan tsoffi ne, wasu ma ba daga ƙasar nan suke ba. Wanda kuma yake da takardar likita da ta 'yan sanda a hannu amma aka ƙi sauraronsa, ya kawo wa shugabannin unguwarsa, a haɗa shi da lauya ko ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ke nan Jos.

Yanzu za mu ba da dama ga masu tambaya, kuma muna so a fara da mahauta da masu shanu a ruga.