Tarurrukan Masana Shari'a da Dokar Ci Gaba Mai Ɗorewa



Na sani a cikinku akwai masu tambayar kansu, me ya haɗa malamin Hausa da dokokin ƙasa da ƙasa, ga kuwa gwanayen Sashen Shari'a nan zaune a gaba? Uzurina shi ne, sana'ata nazarin kalmomi ce, doka kuwa da kalmomi ake gina ta. Sa'ad da nake karatun digiri na uku a ƙasar waje, wani abokina mai karatun shari'a ya ja ni zuwa wani taron masana. Tun hantsi har la'asar sakaliya dattawa masu furfura suna ta jayayya a kan abu guda, wai shin "ci gaba mai ɗorewa" ƙa'ida ce ta doka, ko kuwa manufa ce kawai. Na fito ina cewa a raina, lalle waɗannan mutane sun ƙoshi. Yau na zo ne in janye wannan magana a gabanku, in kuma nuna cewa a irin waɗannan zauruka ne ake fara saƙa dokokin da daga baya za su hau kan kogunanmu da gonakinmu, ko mun halarta ko ba mu halarta ba.

Ma'anar Ci Gaba Mai Ɗorewa

Manomin Bahaushe ya daɗe da sanin ma'anar abin, ko da bai san sunansa ba. Kome tsananin yunwar bazara ba ya cinye irin shuka, kuma ba ya sare gawon da ke tsakiyar gonarsa. Amma shigar wannan tunani cikin harshen hukumomin duniya ta ɗauki lokaci. A 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taronta na farko a kan muhalli a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, inda ƙasashe 113 suka halarta. Da yawa daga ƙasashe matalauta sun je da zargin cewa masu arziki, bayan sun gama gina masana'antunsu, suna so su hana na baya tasowa da sunan kare muhalli. Firayim Ministar Indiya, Indira Gandhi, ta tunatar da taron cewa ba a raba maganar muhalli da maganar talauci.

A 1987 wata hukuma a ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe ta kawo bayanin da ya daidaita ɓangarorin biyu, watau al'umma ta biya bukatunta na yau ba tare da ta tauye wa jikokinta hanyar biyan nasu ba. A 1992 taron Rio de Janeiro a Birazil ya zuba wannan tunani cikin ƙa'idoji 27. To, amma sanarwar taro daban, doka daban. Yaya ake ƙetarawa daga wannan zuwa waccan?

Yadda Maganar Masana Take Zama Doka

Duniya ba ta da majalisar dokoki guda wadda za ta zartar, kowa ya bi. Sashe na 38 na dokar da ta kafa Kotun Duniya da ke birnin Hague ya lissafa inda alƙalai za su nemo hukunci: yarjejeniyoyin da ƙasashe suka ƙulla, da al'adar da ƙasashe suke bi bisa yarda cewa doka ce, da ƙa'idojin shari'a na gama gari. Sa'an nan ya ƙara da hukunce-hukuncen kotuna da rubuce-rubucen manyan masana, a matsayin abin da ake taimakawa da shi wajen gano dokar. Ta wannan ƙaramar ƙofa masana suke shiga.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai sha wuyar fahimta ba. Mun san bambancin wajibi da mustahabbi, mun kuma san nauyin maganar da malamai suka haɗu a kanta. Sanarwar Rio tana matsayin mustahabbi, yarjejeniyar da ƙasa ta sa wa hannu ta kuma tabbatar tana matsayin wajibi. Aikin tarurrukan masana shi ne tace lafazi, su yi ta maimaita shi, har gwamnatoci su saba da shi, wata rana a wayi gari ya shiga yarjejeniya ko hukuncin kotu. Bari in kawo misalai.

Misali Na Farko: Rabon Ruwan Kogi

Ƙungiyar Dokokin Ƙasa da Ƙasa, wadda aka kafa a birnin Brussels a 1873, ƙungiya ce ta malamai da lauyoyi da alƙalai, ba ta da soja, ba ta da ikon tilasta wa kowa. A taronta na 52 a Helsinki ta ƙasar Finlan, a 1966, ta fitar da ƙa'idoji a kan kogunan da suka ratsa ƙasa fiye da ɗaya. Kafin nan ƙasar da ke bisa kogi takan ce ruwan da ke cikin iyakarta nata ne, ta yi yadda ta ga dama, ta ƙasa kuma takan ce ba mai ikon taɓa ko ɗigo. Masanan suka ce kowace ƙasa tana da rabo bisa adalci da hankali, a dubi yawan jama'ar da suka dogara da ruwan, da yanayin ƙasa, da amfanin da ake yi da shi tun da.

A 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa hukumarta ta masana doka nazarin wannan batu. Aikin ya kai su 1994, aka zartar da yarjejeniya a watan Mayu na 1997, ƙasashe 103 suka goyi baya, 3 suka ƙi, watau Sin da Turkiyya da Burundi. Ba ta fara aiki ba sai 2014, amma tun a watan Satumba na 1997 Kotun Duniya ta kafa hujja da ita a shari'ar Hangari da Silobakiya a kan madatsar ruwa a kogin Danube. A cikin wannan hukunci ne kotun ta ambaci ci gaba mai ɗorewa a matsayin hanyar daidaita gina ƙasa da kare muhalli. Mataimakin shugaban kotun, Christopher Weeramantry na Siri Lanka, ya rubuta nasa ra'ayi dabam, ya ce abin ya wuce manufa, ƙa'ida ce ta doka, ya kuma kawo hujja daga tsarin ban ruwa na kakanninsa. Ashe jayayyar nan da na raina ita ce ta raba kan alƙalai a Hague.

Kada ku ɗauka abin ya tsaya a Turai. A 1990 Nijeriya da Nijar suka ƙulla yarjejeniya a Maiduguri a kan ruwayen da suka haɗa su, har da Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe, kuma ginshiƙinta shi ne rabo bisa adalci, lafazin nan na Helsinki. Saboda haka mai noman rani a bakin iyaka yana da alaƙa da taron da aka yi a Finlan, ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Misali Na Biyu: Laccar Alƙalin Sanagal

Wani zai ce, ai Turawa ne kullum suke tsarawa, mu namu bi. Ba haka abin yake ba ko yaushe. A 1972 Kéba Mbaye, shugaban Kotun Ƙoli ta Sanagal, ya gabatar da lacca a birnin Strasbourg na Faransa, ya ce ci gaba haƙƙi ne na ɗan'adam, kamar 'yancin magana da na addini. A lokacin masana da yawa ba su ɗauki maganar da nauyi ba. A 1979 shi ne ya jagoranci masanan da suka zauna a Dakar suka tsara daftarin Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da Al'ummai, wadda shugabannin Afirka suka amince da ita a Nairobi a 1981. Sashe na 22 ya tabbatar da haƙƙin ci gaba, sashe na 24 kuma haƙƙin zama a muhalli mai kyau. Nijeriya ta shigar da yarjejeniyar cikin dokokinta a 1983, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta fitar da sanarwa a kan haƙƙin ci gaba a 1986. A 2001 Hukumar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam ta dogara da sashe na 24 ta sami gwamnatin Nijeriya da laifi a kan ɓarnar da haƙar man fetur ta yi a ƙasar Ogoni. Dubi nisan tafiyar lacca guda a cikin shekara 29.

Misali Na Uku: Ɗalibai

A 2002 ƙungiyar nan da ta yi taron Helsinki ta sake zama a New Delhi, ta tattara ƙa'idoji 7 na dokar ci gaba mai ɗorewa. Daga ciki akwai tattalin albarkatun ƙasa, da kawar da talauci, da yin taka-tsantsan ko da ilmi bai gama tabbatar da haɗari ba, da shigar da jama'a cikin shawara, da kuma cewa nauyin gyara yana kan kowa amma ba daidai ba, wanda ya fi ɓarna shi ya fi ɗauka. Waɗannan su ne kayan aikin da ake koya wa ɗaliban shari'a a ko'ina.

A 2019 ɗalibai 27 na Jami'ar Kudancin Fasifik, a ƙasar Vanuatu, tsibiran da hauhawar teku take yi wa barazana, suka yi shawara a ajinsu cewa a nemi fatawar Kotun Duniya a kan sauyin yanayi. Gwamnatin Vanuatu ta karɓi shawarar, ta bi ƙasashe tana neman goyon baya, har a watan Maris na 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa tambayar ga kotu. Ranar 23 ga Yuli, 2025, alƙalan suka amsa da murya ɗaya cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma wadda ta saɓa tana iya fuskantar biyan diyya ga wadda ta cutu. Fatawa ce, ba ta ɗaure kowa kai tsaye, amma daga ranar duk lauyan da ya shiga kotu a kan wannan batu yana da ita a hannu. Ku ɗalibai, waɗancan sa'o'inku ne.

Nauyin Kalma Guda

Yanzu na dawo fagena. A ranar ƙarshe ta taron Faris na 2015, wakilan Amurka suka lura cewa a sashe na 4 an rubuta kalmar Ingilishi mai nufin "dole ne" ƙasashe masu arziki su ɗauki alkawarin rage hayaƙi, alhali su "ya kamata" suka yarda da ita. Da an bar ta farko, da sai gwamnatinsu ta kai yarjejeniyar gaban majalisar dattawanta, inda ba ta da tabbacin samun ƙuri'u. Aka tsai da taro, aka ce kuskuren rubutu ne, aka gyara. Da kalma guda wajibi ya koma mustahabbi. Wakilan da suka kama wannan kalma sun zo da lauyoyin da suke karanta kowane layi, dare da rana.

Ba na cewa tarurrukan nan ba su da aibu. Yawancinsu a manyan biranen duniya ake yi, da Ingilishi ko Faransanci, kuɗin jirgi da wahalar biza suna hana masananmu zuwa. Alkawura kuma sukan makara. A Copenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, shekarar ta zo ba su cika ba. Amma ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa sai in shi ya ƙi zuwa, kuma wanda ya zo ya yi barci, shi da wanda bai zo ba ɗaya suke.

Kammalawa

Ina da roƙo uku. Na farko ga ma'aikatan gwamnati. In an tura ka taro, ka karanta daftarin tun kana gida, ka nemi shawarar lauyan ma'aikatarku da malaman jami'a, ka san layin da ya shafi ruwanmu da dazuzzukanmu. Kujerar da aka rubuta wa sunan ƙasarka amana ce, kada guzurin tafiya ya zama shi ne ribar tafiyar. In ka dawo ka rubuta rahoto, domin wanda zai gaje ka ya ɗora daga inda ka tsaya.

Na biyu ga jami'o'inmu. Muna da abin da za mu kai zauren duniya. Al'adar burtali tsakanin manomi da makiyayi, da hukuncin ruwa da na raya mataccen fili a littattafan fiƙihun Malikiyya, duk shari'a ce ta tattalin albarkatu. Weeramantry ya kai na kakanninsa gaban kotu domin an rubuta su, an yi nazarinsu. Ya kamata Sashen Shari'a da na Hausa da na Labarin Ƙasa su riƙa zama tare a kan wannan.

Na uku ga abokan sana'ata da ɗalibanmu. Sanarwar Rio ta ce jama'a suna da haƙƙin samun bayani da shiga shawara a kan abin da ya shafi muhallinsu. Mutumin Haɗeja ko na Nguru, wanda ambaliyar fadamarsa ta ragu bayan gina madatsun Tiga da Challawa, yaya zai shiga shawarar da aka rubuta da harshen da ba ya ji? Fassara waɗannan dokoki aikinmu ne, kuma sai mun yi shi da tsoron Allah, mu bambanta "dole ne" da "ya kamata", gama mun ga abin da ke tsakaninsu.

Malam Shugaba, a nan zan dakata, in bar sauran lokaci domin tambayoyi da gyare-gyare, musamman daga malaman shari'a waɗanda na shiga gonarsu.