Wa Ke Duban Yaro In Ya Yi Barci?

Yau maganarmu a kan barcin ƙananan yara ce da rana, da wanda ya kamata ya zauna yana dubansu.

Tun da aka kafa Jihar Kebbi a 1991, ma'aikata suka cika Birnin Kebbi. Mata da yawa suna aikin ofis da asibiti da koyarwa. Sai su kai 'ya'yansu gidan reno da safe, su ɗauko su bayan an tashi. Mu nan ƙauyukan ƙasar Argungu ba mu da irin wannan gini. Amma in kakar shinkafa ta zo, aiki ya yi yawa a fadama, akan tara yara biyar ko shida wurin tsohuwa guda, ko wurin 'yar yarinya. To, wannan ma gidan reno ne, ko da ba a kafa masa allo ba.

Da azahar ta yi, yara sun ci sun ƙoshi, sai barci. Gida ya yi tsit. Nan ne mai reno takan ce, "Alhamdu lillahi, na huta." Sai ta ja ƙyaure, ta tafi ɗebo ruwa, ko ta leƙa maƙwabta. Jama'a, wannan shirun shi ne abin tsoro. Yaron da ke wasa in ya faɗi zai yi kuka, kowa ya ji. Jaririn da numfashi ya tsaya masa cikin barci ba ya kuka.

Likitocin Turai sun daɗe suna binciken mutuwar jarirai cikin barci. Suka gane kwantar da jariri rub da ciki yana jawo ta. A 1991 aka yi shela a Ingila, a 1994 aka yi a Amurka, aka ce kowa ya riƙa kwantar da jariri rigingine. Irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Wani bincike na Amurka a shekarar 2000 ya nuna cikin jarirai 5 da suka mutu haka, 1 a hannun masu reno ya mutu. Wanda ya fi shiga hatsari kuwa shi ne wanda ya saba kwanciya rigingine a gida, aka zo wurin reno aka kife shi. Saboda haka uwa, ki gaya wa mai reno yadda ɗanki ke kwana tun ranar farko.

Yanzu sai lissafi. Yara nawa mace guda za ta iya tsarewa? Tsarin ilmi na Gwamnatin Nijeriya na 2013 ya ce mai reno 1 ga jarirai 10, malama 1 ga 'yan naziri 25. A Ingila doka ta fi tsanani: babba 1 ga yara 3 in ba su kai shekara 2 ba. Ni dai a ganina Ingila ta fi mu gaskiya a nan. Ku duba mana. In gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, mace za ta goya guda, ta ɗauki guda a dama, guda a hagu. Sauran bakwai fa? A wasu jihohin Amurka akan yarda a rage masu tsaro in manyan yara sun yi barci, amma ban da ɗakin jarirai. Mu ma mu riƙe wannan. In za ki fita, ko salla za ki yi, sai wani babba ya zauna a madadinki. Yarinya 'yar shekara 7 ba babba ba ce. Ita ma barci zai ɗauke ta.

Zama a ɗakin kaɗai bai isa ba. Kowane minti 10 ko 15 ki tashi ki bi su ɗaya ɗaya. Ki dubi ƙirji, yana ɗagawa yana sauka? Ki dubi leɓe. Ki taɓa wuya. In kin ji jiki ya yi zafi rau, kada ki jira uwa ta dawo. Zazzaɓin cizon sauro yana da yawa a nan bakin gulbin Rima, yana kuwa iya sa yaro jijjiga cikin barci. In haka ta faru, ki kwantar da shi a gefe guda, kada ki cusa masa cokali a baki, kada ki ɗura masa komi. A garzaya asibiti.

Akwai wata al'ada tamu da nake roƙo mu bari, wato rufe fuskar jariri da zane don ƙuda. Zane yana toshe hanci. Gidan sauro ya fi, a ɗaure shi sosai kada ya sauko kan fuska. Shimfiɗa kuma ta zama mai tauri, ba matashi, ba tarin tsumma. A watan Afrilu zafi a nan yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya zama tanda. A buɗe taga, iska ta shiga, haske ma ya shiga don a ga fuskokinsu.

Sai mai rarrafe. Shi yakan farka shiru, ya sulale. Ruwa kaɗan a baho ya isa ya halaka shi. A zubar da ruwan wanki, a rufe rijiya, a kashe murhu kafin a kwantar da su.

Ku iyaye maza, wannan aiki ya shafe ku. Ai kun koyi ƙidaya a wannan aji. Wata rana ka je wurin da ake renon ɗanka da tsakar rana, ba tare da ka aika ba. Ka yi sallama, ka ƙidaya yaran da ke kwance, ka ƙidaya manyan da ke zaune idonsu biyu. Ka rubuta a takarda, ka kawo mana ran Laraba mu karanta tare.