Sule Goma na Esther Ocloo
Jawabin da mai bishara ya yi a taron Jubili



Yau muna murnar shekara hamsin. Cikin Littafin Firistoci sura 25, Allah ya umurci Isra'ilawa su keɓe shekara ta hamsin, wanda ya sayar da gonarsa saboda talauci a mayar masa, wanda ya shiga bauta a sake shi. A cikin surar nan kuma aka ce, idan ɗan'uwa ya tsiyace a riƙe shi, kada a karɓi ruwa a hannunsa. Ashe Jubili ba waƙa da tuwo kaɗai ba ne. Domin wannan ina so in ba ku labarin wata mai bi wadda ta yi aikinta a nan Ankara, ba nesa da mu ba.

Sunanta Esther Ocloo. An haife ta a Peki Dzake a 1919. Ubanta maƙeri ne, uwarta tana ginin tukwane. Talakawa ne, amma yarinyar tana da ƙwazo, har aka ɗauke ta makarantar Achimota. Da ta fito ba ta da aiki. Sai wata daga cikin iyayenta mata ta ba ta sule goma. Ta sayi lemo da sukari da kwalabe goma sha biyu, ta dafa lemon har ya yi kauri, irin wanda Turawa ke shafa wa burodi. Ta ɗauka ta shiga gari tana talla.

Abokan karatunta suka gan ta, suka yi mata dariya. Wai mai ilimi kamarta tana yawo da kaya kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ba ta kula ba. Daga baya makarantar nan tata ta ba ta kwangilar kawo ruwan lemo, aka kuma ba ta na soja. Ta sa wa sana'ar sunan gidansu, Nkulenu. A 1949 ta tafi Ingila ta koyi yadda ake adana abinci cikin gwangwani, ta komo ta ci gaba. A 1958 masu masana'antu na Gana suka kafa ƙungiyarsu, ita ce shugaba ta fari.

To, masu arziki da yawa sun yi haka, sun tsaya nan. Ita ba ta manta da wahalar da ta sha wajen neman rance ba, gama banki ba ya ba wanda ba shi da gida ko gonar jingina, mace kuwa ita ce ta ƙarshe a layi. Ta koya wa mata sana'a da lissafin ciniki. A 1975 ta je taron mata na duniya a Meksiko, daga nan ita da waɗansu mata suka kafa Women's World Banking, domin mai ƙaramin jari ta sami rance. Tana kuma cikin waɗanda suka kafa ekklesiyar E.P. ta Madina. Ta rasu a 2002.

Yanzu ku kawo hankalinku gida. Kun san al'adar zango. Baƙo ya sauka daga Arewa ba shi da ko tabarma, maigida ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa, ya ba shi goro ko wani kaya bashi ya fara ciniki. Al'ada ce mai kyau, kada mu raina ta. Amma kun san kuma abin da kan sami waɗansunmu ran da suka karɓi baftisma. Akwai wanda aka karɓe ɗakinsa. Akwai wadda aka fid da ita daga adashi, masu sayen kokonta suka koma wani wuri. Na zauna da irin waɗannan, na ga hawayensu. Waɗansu suka koma baya, ba don sun daina gaskata Yesu ba, yunwa ce ta kore su. Muka yi musu addu'a a ƙofar majami'a, muka sallame su hannu wofi. Wannan laifi a wuyanmu yake, ni ma ina ciki.

Wa zai zama maigidansu in ba mu ba? Kada kowa ya ce, sai na yi arziki tukuna. Matar da ta ba Esther sule goma ba ta san abin da zai fito daga ciki ba, ta dai ba da abin da ke hannunta.

Ga roƙona. Kafin watan nan ya ƙare, dattawan ekklesiya su zauna su rubuta sunayen waɗanda suka rasa abin yi saboda bangaskiyarsu. Mai keken ɗinki ya ɗauki almajiri ɗaya. Mai tuyar ƙosai ta koya wa 'yar'uwa ɗaya, ta ara mata kasko. Mai rarar kuɗi ya ba da jari ba ruwa, wanda ya karɓa kuma ya riƙe amana ya biya, domin na bayansa ya samu. Maƙwabcinmu Musulmi in ya zo da bukata, kada a tambaye shi addininsa kafin a taimake shi.

Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Bari mu yi addu'a.