Azurfar Jamus a Ƙasan Akwatin Kaka

Yau zancenmu a kan tsofaffin kuɗin azurfa ne, irin waɗanda ake tsinta a ƙasan akwatin kaka ko a jikin kitson matan Fulani.

Yaran yanzu da dama ba su san cewa Mubi ta taɓa zama a hannun Jamus ba. Jamusawa sun kama garin nan a 1903, suka haɗa shi da Kamaru, har Turawan Ingila suka karɓe shi a 1914. Sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama, muka shigo Najeriya. Kuɗin da Jamus ke kashewa a wancan zamani sunansa mak, kuma kashi 90 cikin ɗari na ƙarfensa azurfa ce. Mak biyar kan kai giram 27 da ɗoriya. A bayansa akwai mikiya, a gabansa kuma sau da yawa kan sarki Wilhelm na Biyu ne, mai murɗaɗɗen gashin baki. Ku duba da kyau za ku ga wani ɗan ƙaramin harafi: in A ne, a Balin aka buga shi, in J ne, a Hambog.

Kada a rikita shi da wani kuɗin azurfa mai hoton mace da shekarar 1780. Ita Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, kuma an yi ta buga kuɗinta da wannan shekarar har bayan rasuwarta da daɗewa, don haka lambar ba ta nuna tsufansa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake kai su wurin maƙera a narkar, a yi zobe ko awarwaro. Zobe ana samunsa a kasuwa kullum. Wannan kuwa, in ya shiga wuta, shaidar abin da kakanninmu suka gani ta tafi ke nan.

In kuna da shi, don Allah kada ku goge shi da toka ko yashi, masu tara irinsa sun fi son duhun nan na tsufa. Kada kuma ku huda shi. In za ku saya, ku kara masa maganaɗisu: azurfa ba ta kamawa. Sannan ku tambayi tsofaffin gida ta hannun wa ya shigo, ku rubuta a takarda, ku naɗe su tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.