Kafin Tsohuwa Ta Koma Ƙauye

  

Yau zancenmu a kan tsofaffinmu na karkara ne, da labaran da ke cikin kansu. Da wuya a sami gidan da ba ya saukar tsohuwa daga ƙauye. Wata wankan jego ya kawo ta, wata biki, wata ganin likita. Mu shimfiɗa mata tabarma, mu ba ta tuwo da goro, mu tambaye ta damina da mutanen gida, shi ke nan. Ta yi kwana arba'in ta koma, ba wanda ya tambaye ta yadda aka kafa garinsu, ko abin da suka ci a shekarar yunwa. Ran da aka aiko cewa ta cika, duk abin da ta sani an rufe shi tare da ita.

Bari in ba ku labarin wata tsohuwa da aka zauna aka tambaya. Sunanta Baba, mutuniyar Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa. An haife ta wajen 1877, tun Turawa ba su ci ƙasar Hausa ba. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith, wadda ta biyo mijinta aikin bincike, ta riƙa zama da ita. Baba na faɗa da Hausa, ita tana rubutawa. Ta ba da labarin rinjinsu da bayin da ke noma a ciki, da maharan da ke kama mutane, da aurenta huɗu, da ƙawance, da riƙon 'ya'ya, domin ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'i in ana son sanin zaman matan Hausawa na da.

To, ku lura da wani abu. Mijin Baturiyar nan, duk iliminsa, iyakarsa zaure. Matarsa ce ta sami abin da shi ba zai samu ba, saboda mace ce. Ke kuwa uwargida kin fi ta gata: harshen naki ne, tsohuwar kakarki ce ko gwaggonki, kuma a ɗakinki take kwana. Akwai zancen da tsohuwa ba za ta taɓa yi wa namiji ba, ko da jikanta ne, amma ke za ta yi miki kuna ɓarar gyaɗa.

Wata za ta ce, me zan yi da labarin ƙauye? Yana da amfani har a shari'a. Tsohuwa ce ta san wa ya sha nonon wa, kuma kun san shayarwa tana haramta aure. Ita ta san iyakar gonar gado, daga wace kuka zuwa wace tsamiya. Ita ta san yadda wane ya zama ɗan'uwanku, da gidan da aka ba ku aure tun kaka da kakanni. Ita ta san ganyen da aka ci aka rayu a farin 1973, irin su tafasa da yaɗiya, da yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Littattafan tarihi sun cika da sarakuna da yaƙe-yaƙe, wannan ilimin kuwa a bakin mata kawai yake.

Kuma lamarin ya zama na gaggawa. A shekarun nan ƙauyuka da yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato sun tashi saboda 'yan bindiga. Akwai yaran da aka haifa a gidan haya a birni, ba su taɓa ganin rijiyar garinsu ba. In tsofaffin suka tafi ba a ɗauki komai ba, wa zai nuna musu inda gidan kakansu yake ranar da Allah ya kawo zaman lafiya?

Yadda za a yi ba wuya. Wayar hannunki, ko ƙarama ce, galibi tana ɗaukar murya. Fara neman izininta, ki ce, "Iya, ina so jikokinki su ji wannan da muryarki." Zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, ko da hantsi yara sun tafi makaranta, ko bayan isha'i. Da kin kunna, ki fara faɗin sunanta da garinsu da kwanan wata. Kada ki tambaye ta a wace shekara aka yi kaza, domin ba da lamba take lissafi ba. Tambaye ta, lokacin da aka kashe Sardauna an yi miki aure? Wannan 1966 ke nan. Da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira, wa kike goyo? Wannan 1973 ne. Da haka sai shekarun su fito da kansu.

Ki bar ta ta yi ta zuba, kada ki katse ta, kada ki gyara mata Hausa, domin wasu kalmomin nata ba a ƙara jin su. In ta kawo zancen camfi ko wata al'adar da addini ya hana, ki saurara, ai jin labarin abu daban, aikata shi daban. In ta zo wurin da ya sosa mata rai ta yi shiru, ki kashe wayar, gobe ma rana ce.

Sai maganar ajiya. Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata. Ki sa a kwafe miki a memori, ki tura wa wani ɗan'uwa amintacce, sannan ki sa 'yarki mai zuwa makaranta ta rubuta muhimman wurare a littafi, da boko ko da ajami. Amma 'yan uwa, a riƙe amana. Abin da tsohuwa ta faɗa miki a ɗaki ba na watsawa a zauren WhatsApp ba ne. Abin da ya shafi sirrin wani gida a bar shi a cikin dangi, wanda ta ce kada a faɗa kuma a goge shi.

Wadda take da tsohuwa a gida yanzu, ta fara yau da tambaya ɗaya tak: Iya, wa ya kafa garinku? Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, ya kuma zaunar da ƙauyukanmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.